Boila mai tatsar tururi: yadda za ka gane ta, ka zaɓe ta, ka saita ta don ta rage maka kuɗin gas a Birtaniya

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san sanyi, amma na hunturu ne, wanda da hantsi ya ɗaga ake tuɓe rigar sanyi. A Birtaniya kuwa, daga Oktoba har wajen Afrilu gida ba ya zaunuwa sai an ɗumama shi, kuma a mafi yawan gidaje abin da ke wannan aiki wani farin akwati ne da ke maƙale a bangon kicin ko cikin kabad, wato boila. Ita ke ɗumama ɗakuna, ita ke ba da ruwan wanka, ita ce kuma ke cinye mafi yawan gas ɗin da kake biya. Hukumar Ofgem mai kula da harkar makamashi ta lissafa a 2023 cewa matsakaicin gida yana shan gas kimanin kilowat-awa 11,500 a shekara (kilowat-awa shi ne ma'aunin da ake lissafa maka kuɗin gas da shi), kuma girki ɗan kaɗan yake ɗauka a ciki.

'Yan uwanmu da yawa da suka zo aikin jinya ko karatu sun tarar da boila ne a gidan haya, aka miƙa musu makulli, ba wanda ya yi musu bayaninta. Tun daga Afrilun 2005 doka ta wajabta cewa boilar gas da za a girka sabuwa a Ingila da Wels ta zama mai tatsar tururi, masu amfani da mai kuma suka biyo baya a 2007. Saboda haka da wuya a ce taka ba irin wannan ba ce. Sai dai mallakarta daban, cin moriyarta daban. Ɗimbin waɗannan boiloli suna nan a bango suna ƙona gas kamar na da, don kawai an bar su a kan zafin da ya wuce ƙima.

Abin da ke faruwa cikin akwatin

Sai ka gane wannan sashe kafin sauran matakan su yi maka ma'ana. Idan gas ya ƙone, abu biyu yake haifarwa: iskar kabon da tururin ruwa. Tururin nan yana ɗauke da zafi mai yawa a ɓoye, kusan kashi 10 cikin 100 na duk ƙarfin da ke cikin gas ɗin. Tsohuwar boila tana fitar da hayaƙinta da zafin da ya haura digiri 150, tururi da zafinsa duka su tafi sararin sama, alhali ka biya kuɗinsu.

Ɗaga murfin tukunyar da ke tafasa ka duba ƙarƙashinsa: tururi ya taɓa ƙarfen da bai kai shi zafi ba, ya koma ɗigon ruwa, ya bar wa murfin zafinsa. Aikin ke nan da wannan boila take yi. Ana bi da hayaƙin ta jikin wani faffaɗan ƙarfe wanda ruwan da ya dawo daga radiyetoci yake ratsawa, wato ƙarafan jikin bango da ruwan zafin boila ke zagayawa cikinsu don ɗumama ɗakuna. Idan ruwan ya dawo da ɗan sanyi, tururi zai kwanta a jikin ƙarfen ya zama ruwa, zafinsa ya shiga ruwan ɗumama gida. Ruwan da aka tatsa kuma ya bi wani farin bututun roba ya tafi magudana.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tururin gas ba ya fara komawa ruwa sai abin da ya taɓa yana ƙasa da kimanin digiri 55 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan da ya dawo da zafin digiri 60 ko 65 ba zai tatsi komai ba, kuma abin da boilar za ta mayar ɗumi daga gas ɗinka ba zai kai kashi 90 ba. In ya dawo a wajen digiri 30, tana iya haura kashi 95. Tsoffin gidajen Birtaniya an tsara su ne a kan ruwa ya fita a digiri 82 ya dawo a 71, kuma har yau masu girkawa da yawa suna barin sabuwar boila a kan 70 zuwa 80 su yi gaba, don kada a kira su ana ƙorafin gida bai yi ɗumi ba.

Idan ka taɓa ganin tallar boila daga Jamus an rubuta kashi 108 ko 109, ba ƙarya suka yi ba, ba kuma sihiri ba ne. Lissafinsu ba ya sa zafin tururin cikin jimilla tun farko, sai abin da aka tatsa ya zama ƙari a kan 100.

Mataki na 1: Gane irin taka

Leƙa ƙarƙashin boilar. In ka ga farin bututun roba a cikin bututan jan ƙarfe, mai tatsar tururi ce. A waje kuma, ranar sanyi, za ka ga farin tururi na fita daga bakin bututun hayaƙinta.

Daga nan sai ka tantance tsarinta, don saitin ya dogara da shi. Akwai wadda ake kira kombi, wadda ba ta da tanki ko ɗaya: kana buɗe famfo take kunnuwa ta ɗumama ruwan nan take. Ita ta fi yawa a ƙananan gidaje da fulat. Akwai mai aiki da tankin ruwan zafi, doguwar silinda da ke tsaye cikin wani kabad, wadda ke ɗumama ruwa ta adana shi. Sai tsohon tsari, mai silinda a ƙasa da tankunan ruwan sanyi a cikin rufin gida. In akwai silinda a gidanka, riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa a mataki na 5.

Mataki na 2: In ɗan haya ne kai

Ba kai za ka sayi boila ba, ba kuma kai za ka gyara ta ba. A Ingila, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora gyaran kayan ɗumi da ruwan zafi a wuyan mai gida. Dokar kiyaye lafiyar gas ta 1998 kuma ta tilasta masa ya kawo injiniya ya duba kayan gas sau ɗaya kowace shekara, ya ba ka kwafin takardar, wadda aka fi sani da CP12, cikin kwana 28. Sabon ɗan haya ana ba shi ita ne kafin ya tare. In ba a ba ka ba, ka nema a rubuce, ta imel ko saƙon waya, yadda za ka sami shaida.

Abin da ke hannunka shi ne maɓallan gaban boilar, na'urar saita ɗumin ɗaki da kawunan radiyetoci. Kuma a nan mafi yawan ribar take, don haka kana iya tsallakewa zuwa mataki na 5.

Mataki na 3: In za ka saya, kada girma ya ruɗe ka

Da farko, shin canjin ya zama dole? Ɗauki misalin gidan da ke ƙona kilowat-awa 12,000 a shekara da tsohuwar boila mai ba da kashi 70. Ɗumin da ke shiga gidan 8,400 ne kacal. Boila mai ba da kashi 90 za ta samar da wannan ɗumin da kimanin 9,300, ka ga an rage wajen 2,700 duk shekara. Ninka wannan da farashin gas da ke jikin takardar bil ɗinka. Ga mai tsohuwar boila irin ta kafin 2005, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Amma wanda tasa mai tatsar tururi ce 'yar shekara takwas ko tara, tana aiki lafiya, bana ganin dalilin cire ta. Saiti take buƙata.

Girman boila ana auna shi da kilowat, kuma a nan ake yawan cutar masu saye. Kombi aiki biyu take yi masu bambancin nauyi. Ruwan wanka yana neman ƙarfi mai yawa cikin gaggawa: don ƙara wa lita 10 na ruwa zafin digiri 35 cikin minti ɗaya ana buƙatar kimanin kilowat 24. Shi ya sa ƙaramar kombi take farawa daga 24, mai 30 tana ba da wajen lita 12 a minti, mai 40 kuma wajen lita 16. Ɗumama ɗakuna kuwa aiki ne na sannu a hankali. Gida mai ɗakin kwana uku wanda aka toshe masa kafofin iska sau da yawa ba ya neman kilowat 10 ko a ranar da ta fi kowace sanyi, a ranakun Oktoba da Maris kuma 2 ko 3 sun ishe shi.

Don haka lambobi biyu za ka duba a takardar boila, mafi girman ƙarfinta da mafi ƙanƙantarsa, kuma na biyun ya fi muhimmanci. Boilar da ba ta iya sassauta wutarta ƙasa da kilowat 8 ba, a gidan da ke neman 3, za ta riƙa kunnuwa tana mutuwa duk bayan 'yan mintoci. Gas na ɓarna, kayan cikinta na lalacewa da wuri. Wadda ke iya sauka zuwa 3 za ta yi ta ci a hankali ba tsayawa, tana tatsar tururi. Wasu na zamani suna sauka har kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsu.

Kafin ka yarda da babbar kombi, yi gwajin bokiti. Buɗe famfon ruwan sanyi na kicin gaba ɗaya, ka tara na minti ɗaya, ka auna. In lita 10 ko 11 kawai ke shigowa gidan, kombi mai kilowat 40 asarar kuɗi ce, ba ta da ruwan da za ta nuna ƙarfinta a kai. Gidan da ke da banɗaki biyu da iyali masu yawa, inda da safe wannan na wanka wancan na wanke-wanke, silinda ta fi masa. Gidajenmu kuwa ba sa rabuwa da baƙi.

Sunayen da za ka fi ji su ne Worcester Bosch, Vaillant, Ideal, Baxi da Viessmann. Kowanne yana da masu yabonsa. A ganina hannun mai girkawa ya fi sunan da ke jikin akwatin tasiri.

Mataki na 4: Mai girkawa da ranar aiki

Ba wanda doka ta yarda ya taɓa aikin gas sai mai rajista da Gas Safe Register, hukumar rajistar masu aikin gas wadda ta gaji tsohuwar hukumar CORGI a Afrilun 2009. Kowane injiniya yana da katin shaida mai hoto da lamba, a bayansa an jera irin ayyukan da aka amince ya yi. Karɓi katin ka duba baya, ka tabbatar da lambar a shafinsu na intanet. Wannan ba wurin jin kunya ba ne, ko da ɗan garinku ne aka haɗa ku a masallaci aka ce zai yi maka sauƙi. Aikin da ba mai rajista ya yi ba yana ɓata garanti, yana kawo cikas ranar sayar da gida, yana kuma iya kashe mutane.

Nemi farashi daga mutum uku, ka lura da wanda ya zagaya ya auna ɗakuna da radiyetoci, ya tambayi yawan mutanen gida, ya gwada ƙarfin ruwa. Wanda ya tsaya a ƙofar kicin ya yanke maka girma da ido, ka gode masa ka sallame shi. Tambayi kowannensu: a kan wane zafi za ka bar ruwan radiyeta, kuma me ya sa? Amsar za ta nuna maka wanda ya san aikinsa.

Akwai abubuwan da ya kamata su shiga cikin takardar farashin a rubuce. Sai an wanke bututai da radiyetoci an fitar da baƙar lakar tsatsa da ta taru shekaru, a zuba maganin hana tsatsa, a sa matatar ruwa mai maganaɗisu a bututun da ke dawo da ruwa. Sabuwar boila hanyoyin ruwanta ƙanana ne, lakar tsohon tsari tana toshe su cikin ɗan lokaci. A Landan da kudu maso gabashin Ingila ruwan famfo yana da alli sosai (leƙa cikin butar shayinka ka gani), don haka a can ana ƙara na'urar rage ɓawon alli. A Manchesta da mafi yawan Sikotilan ruwan ba shi da wannan matsala. Wani lokaci kuma sai an canja bututun gas zuwa mai faɗin milimita 22, don siririn na da ba ya ƙosar da kombi.

Tun Afrilun 2018, ƙa'idar Boiler Plus a Ingila ta ce sabuwar boilar gas kada ta gaza kashi 92 a ma'aunin inganci, a haɗa ta da na'urar saita lokaci da zafi, kombi kuma a ƙara mata ɗaya daga wasu dabarun tsimi. Cikinsu biyu sun fi amfani: wadda ke rage zafin ruwa gwargwadon sanyin waje, da wadda ke rage shi yayin da ɗaki ke kusantar ɗumin da ka nema. Dukansu suna yi maka aikin mataki na 5 da kansu. Amma sai na'urar da boilar suna jin yaren juna. Wasu boiloli suna amfani da yaren da ake kira OpenTherm, Vaillant da Worcester Bosch kuma kowanne da nasa tsarin. Na'ura mai tsada da aka haɗa ta yadda kunnawa da kashewa kawai take yi ba ta fi ta da ba, sai dai kana iya taɓa ta daga waya.

Sai bututun ruwan da aka tatsa. Nace a bi da shi ta cikin gida zuwa magudanar kicin ko ta banɗaki. In ba makawa sai ya fita waje, ya zama mai faɗin milimita 32, gajere, mai gangara, a naɗe shi da abin kare sanyi. Roba ake amfani da ita saboda ruwan yana da ɗan tsami, yana cin jan ƙarfe.

Kafin injiniya ya tafi, ya cike takardar shaidar girkawa mai suna Benchmark da ke bayan littafin boilar, ya nuna maka yadda ake ƙara ruwa, ya kuma sanar da Gas Safe aikin, su za su aiko maka da takardar shaidar bin dokar gini. Kamfanoni da yawa suna so a yi rajistar garanti cikin kwana 30. Tambaye shi ko shi zai yi ko kai.

Mataki na 5: Rage zafin ruwan radiyeta

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma kyauta ne. A 2022, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, ƙungiyar Nesta da gwamnatin Birtaniya duk sun yi ta kira ga masu kombi su sauke wannan zafi zuwa digiri 60.

Kada ka rikita abu biyu. Na'urar bango tana faɗin ɗumin da kake so ɗaki ya kai, misali digiri 19 ko 20. Maɓallin da ke jikin boila mai hoton radiyeta kuwa yana faɗin zafin ruwan da ke fita zuwa radiyetoci. Na biyun za ka taɓa. Rage shi ba ya rage ɗumin ɗaki, yana dai sa ɗakin ya kai ga ɗumin a hankali.

In kombi ce, kunna ɗumi, ka sauke lambar zuwa 60. In maɓallin na murɗawa ne marar lamba, littafin boilar zai nuna maka inda 60 take, wasu kuma suna nuna zafin a allo yayin da kake murɗawa. Tsawaita lokacin aikinta: in da ƙarfe 6 take kunnuwa, mai da ita 5 da rabi ko 5. Zauna a haka kwana uku ko huɗu. In gida yana kaiwa ɗumin da ka saita, sauke zuwa 55, sannan 50. Ranar da ka ga ɗaki ya kasa kaiwa duk da boilar ta daɗe tana aiki, ka wuce iyakar gidanka a irin wannan sanyin, sai ka ƙara digiri 5. Saitin Nuwamba ba lalle ya ishe ka a tsakiyar Janairu ba, don haka ka saba da taɓa maɓallin sau biyu ko uku a shekara.

Mutane da yawa a nan suke karaya. Sun taɓa radiyeta sun ji ba ta ƙuna kamar da, sai su ce ta lalace. Ba ta lalace ba. Radiyeta mai ɗumi da ke aiki awa shida ta fi mai ƙuna da ke aiki awa uku tsimin gas. Ka yi hukunci da ma'aunin ɗumin ɗaki, ba da tafin hannu ba. Gaskiyar da ba a ɓoye ta ita ce radiyetar da ruwanta ke digiri 50 tana ba da kusan rabin ɗumin da za ta bayar a 70. Abin da ke ceton yawancin gidaje shi ne an sa radiyetocinsu tun kafin a canja tagogi zuwa gilashi biyu a kuma shimfiɗa abin riƙe ɗumi a rufi, don haka yanzu sun yi wa ɗakunan yawa. In ɗaki ɗaya ne kawai ke hana ka sauka, canja masa radiyeta da babba ya fi ka ƙona gas don gida duka.

Mai silinda kuwa ya yi hattara. Ruwan da ake adanawa dole ya riƙa kaiwa digiri 60, don kashe ƙwayar Legionella mai haddasa ciwon huhu mai tsanani. A yawancin irin waɗannan gidaje maɓalli ɗaya ne ke hidimar radiyeta da silinda, kuma boila ba za ta iya kai silinda 60 da ruwa mai digiri 55 ba. Kada ka sauka ƙasa da 65 sai injiniya ya raba maka su, yadda boilar za ta ɗaga zafi lokacin ɗumama silinda kawai ta sauke shi lokacin radiyeta. Boiloli da yawa na zamani suna iya wannan in an haɗa su daidai.

Haka nan in akwai tsoho, jariri ko marar lafiya a gida, tsimi kada ya sa ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18, wanda shi ne shawarar hukumomin lafiyar ƙasar. Kashe ɗumi gaba ɗaya a rufe tagogi a shanya wanki cikin ɗaki kuma hanya ce ta gayyato baƙar fumfuna a bango.

Ruwan famfo na kombi yana da nasa maɓallin, mai hoton famfo. Tunda ba adana shi ake yi ba, digiri 50 zuwa 55 ya isa wanka da wanke-wanke. Ba hikima ba ce ka biya kuɗi a tafasa ruwa sannan ka sirka shi da na sanyi. Kombi da yawa kuma suna da saitin da ke riƙe ɗan ruwa da zafi dare da rana don ya iso famfo da sauri. Kashe shi yana rage gas, sai dai alwalar asuba a watan Janairu za ta sa ka ɗan jira. In boilarka tana bari a sa wa wannan saiti lokaci, ka ba shi na asuba kawai. In kuma kurkure kofi za ka yi, tura hannun famfo ɓangaren sanyi gaba ɗaya. Barinsa a tsakiya yana tayar da boila, kuma kafin ruwan zafin ya iso ka rufe.

Mataki na 6: Radiyetoci

Radiyetar da ƙasanta ke da zafi samanta sanyi, iska ce ta taru. Kashe ɗumi, bari ta huce, sa ɗan makullinta a bawul ɗin sama, ka murɗa kaɗan da tsumma a hannu. Iska za ta fita da huci, da ruwa ya biyo baya ka rufe. Wadda tsakiyar ƙasanta ke sanyi ƙalau gefe na zafi, laka ce, aikin injiniya ne. Amma ƙasa ya ɗan fi sama sanyi daidai wa daida alama ce mai kyau, ruwan ya sauke zafinsa a ɗaki kafin ya koma.

In na kusa da boila suna zafi da wuri na nesa suna jan ƙafa, ruwan ne ke bin gajeriyar hanya yana komawa da zafinsa. Kowace radiyeta tana da bawul na biyu mai hular roba a ɗaya gefen. Cire hular, ka rufe na radiyetocin kusa, ka buɗe su kwatan zagaye zuwa rabi, na nesa ka bar su a buɗe sosai. Aiki ne mai cin lokaci, ana gyarawa ana jira, amma yana sauke zafin ruwan dawowa. Kawunan radiyeta masu lambobi kuwa, 3 tana wajen digiri 20. Murɗa shi zuwa 5 ba ya hanzarta ɗumi. Radiyetar ɗakin da na'urar bango take a bar ta a buɗe, in ba haka ba su biyun za su yi ta ja-in-ja.

Mataki na 7: Matsaloli biyu da za ka iya magancewa da kanka

Na farko matsin ruwa. Agogon gaban boila ya kamata ya nuna tsakanin 1 da 1.5 in tana sanye. In ya faɗi, boilar za ta tsaya ta nuna lamba, F22 a Vaillant, F1 a Ideal, E119 a Baxi. Kashe ta, nemo ɗan bututun ƙara ruwa a ƙarƙashinta, galibi mai saƙar ƙarfe da bawul biyu, buɗe su a hankali kana kallon allura, da ta kai ka rufe duka biyun tam. Sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai. In duk mako kake yi, akwai yoyo. In kuma allurar na hawa kusa da 3 duk lokacin da aka kunna ɗumi, kira injiniya.

Na biyu daskarewar bututun roba. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin guguwar ƙanƙarar da ta taso daga gabas, gidaje da yawa sun wayi gari ba ɗumi saboda wannan kawai. Alamarsa: an kwana ƙasa da sifili, boila na ƙarar kurkurar ruwa, ta ƙi kamawa. Fita ka nemo bututun, ka zuba masa ruwan ɗumi daga sama zuwa ƙasa, musamman a lanƙwasa da bakinsa. Kada ka zuba tafasasshe, yana fasa roba, kuma ka kula da ƙasa don ruwan da ya zube zai daskare ya yi santsi. In ka ji ƙanƙara ta saki, koma ka danna maɓallin sake tayarwa. In bututun yana sama inda sai da tsani, bar wa masu aikin.

Bayan waɗannan biyu, kada ka buɗe murfin boila. A yawancinsu murfin ɓangare ne na abin da ke tsare hayaƙi.

Mataki na 8: Hayaƙi mai kisa, da duba na shekara

Mun san labaran iyalan da suka kwanta da janareta a kusa ko gawayi a rufaffen ɗaki ba su tashi ba. Iskar guba ɗaya ce, wato kabon monoksaid, boilar da ta lalace take iya fitarwa, ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda ke sauƙi in ka fita waje su dawo in ka shigo. Tun 1 ga Oktoban 2022 wajibi ne mai gidan haya a Ingila ya sa ƙararrawar gano ta a ɗakin da boila take. Mai gidan kansa ya saya, ba ta da tsada, ya riƙa danna maɓallin gwajinta. In ta yi ƙara ko ka ji warin gas, buɗe tagogi, rufe gas daga mita, kada ka taɓa makunnin lantarki, fitar da kowa, ka kira 0800 111 999 daga waje. Wannan lambar ta Ingila, Sikotilan da Wels ce.

Duba na shekara ka yi shi a Agusta ko Satumba, kafin injiniyoyi su cika da aiki. Ya auna hayaƙi da na'urarsa, ya wanke tarkon ruwan tatsa da matatar maganaɗisu, ya gwada maganin hana tsatsa, ya sa hannu a littafin. Garanti mai tsawo da kamfanoni ke bayarwa, wani har shekara 10 ko 12, yana rushewa in aka tsallake shekara ɗaya. Bayan ya tafi duba maɓallin radiyeta, don wasu suna mayar da shi sama wajen gwaji su manta.

Ga mai gidan kansa, rubuta mafi ƙarancin zafin da gidan ya jure a makon da ya fi sanyi. Tun Yunin 2022 dokar gini a Ingila ta ce sabon tsarin ɗumi da aka girka gaba ɗayansa a tsara shi kan digiri 55 ko ƙasa, kuma gwamnati tana karkata ga na'urar lantarki mai jawo ɗumi daga iskar waje, har tana ba da tallafin fam 7,500 a Ingila da Wels ga mai son komawa gare ta. Wannan na'ura ta fi aiki da ruwa mai digiri 50 ko ƙasa. In gidanka ya yi ɗumi a kan 50 a tsakiyar Janairu, radiyetocinka sun kusa isarta yadda suke. In sai da 65 ya yi, ka fara da rufi da tagogi da manyan radiyetoci kafin boilar ta tsufa.